Da za a mayar da ke shekara ashirin baya, shi za ki sake aura?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na ƙarasa fim ɗin Sinawa The Princess Royal, kashi 40 cif, kuma har yanzu abin ya tsaya mini a rai. Ga wanda bai gani ba: gimbiya Li Rong an yi mata aure tana shekara 18 da Pei Wenxuan, auren da mahaifinta sarki ya ƙulla don lissafinsa na mulki. Suka shekara ashirin ana kiransu miji da mata, amma kowa da ɓangarensa, kowa na zargin ɗan'uwansa. Tana shekara 38 aka ba ta guba. Ta sakankance shi ne, don haka kafin ranta ya fita ta ba da umarni a kashe shi. Sai ga su duka biyun sun farka a ƙuruciyarsu, gab da lokacin da za a zaɓa mata miji, kuma babu abin da suka manta. Tambayata ga matan aure da zawarawan zauren nan, maza ma in kuna da ta cewa: da ke ce, shi za ki sake zaɓa?

Zee Kaduna:
Wa? Ni? Ko a hanya muka haɗu sai na tsallaka titi. Shekara ashirin na baƙin ciki, Allah ya ba ki sabon shafi, ki sake rubuta sunansa a kai? Haba Maman Hanif.

Maman Hanif:
Ai ita ma haka ta fara, Zee. Yarjejeniya suka yi cewa auren wucin gadi ne, su taimaki juna, in ƙura ta lafa kowa ya kama gabansa. Daga baya ne suka riƙa tono abin da ya raba su a zaman farko, sai ga shi yawancinsa maganar da ba a faɗa ba ce. Ita tana ganin wata ce a zuciyarsa, shi yana ganin wani ne a tata, girman kai ya hana kowa tambaya. Gubar ma ashe ba shi ya ba ta ba.

Ummu Sultan:
Innalillahi! Ina kashi na 9 fa! Maman Hanif kin fasa mini ƙwai, Allah ya isa datata.

Maman Hanif:
Yi haƙuri ƙanwata, ban dai faɗi wanda ya ba ta ba. Wannan shi ne zai sa ki ajiye wayar ki yi tagumi.

Malam Sabo:
Salamu alaikum. Ba na so in zama mai zuba ruwa a wutar hira, amma akwai abin da ya kamata a ajiye a gefe tun yanzu. Mutum ya mutu ya sake dawowa duniya, ko a jikinsa ko a jikin wani, wannan ba aƙidarmu ba ce. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, an ba mu labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi ko ya gyara abin da ya bari, aka ce masa a'a, kuma a gabansu akwai barzahu har ranar tashi. Sannan a Sahih Muslim an hana mu yawan cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin wannan "da" ɗin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Tambayar Maman Hanif kuwa tun daga farkonta "da" ce. Manya sun san tatsuniya ce. Damuwata yaran da ke kallo tare da ku.

Hadiza Maraɗi:
Malam gaskiya ka faɗa, amma ai ba Sinawa suka fara kawo mana wannan ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, wa bai ga Karan Arjun ba, inda aka kashe 'yan'uwa biyu aka sake haifarsu suka dawo ɗaukar fansa? Kakata ta kalle shi ya fi sau goma, tana kuka tana jan carbi, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce mamaci yana dawowa ba. In ma tsoron camfi ne, namu na gida ya fi kusa. Ɗan wabi fa? Mace ta yi ta haihuwa suna mutuwa, a ce ɗa ɗaya ne yake tafiya yana dawowa, har a sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe don a nuna ba a damu da shi ba, ko ya zauna.

Malam Sabo:
Shi ma malamai sun yi magana a kansa, Hajiya Hadiza. Ban ce kar a kalla ba. Na ce in yaro ya tambaya, a ba shi amsa.

Nafisa Wuhan:
Bari in shigo nan, don ina ganin muna zuba abu uku a tukunya ɗaya. Sinawa kowanne da sunansa.

Akwai lunhui, wato a mutu a sake haihuwar mutum a wata rayuwa dabam, da wasu iyaye, wani lokaci ma ba a mutum ba. Wannan da addinin Buddha ya shigo musu daga Indiya, wajen ƙarni na farko miladiyya, ya gauraya da tatsuniyoyinsu na gargajiya. A cikin tatsuniyar akwai wata tsohuwa, Meng Po, tana zaune a bakin gadar Naihe a lahirarsu da tukunyar romo. Duk ran da zai koma duniya sai ya sha, yana sha ya manta uwarsa, ya manta matarsa, ya manta wanda ya cuce shi. Shi ya sa a finafinan za ku ga masoyi yana roƙon kar a ba shi romon nan, ko ya yi dabarar zubar da shi.

Akwai chuanyue, mutumin zamaninmu ya tsinci kansa a wani zamani ko a jikin wani. Scarlet Heart na 2011 shi ne babban misali, inda 'yar zamani ta farka a fadar sarki Kangxi na daular Qing, ta san wane ɗan sarki zai hau mulki da wanda zai wulaƙanta, amma sanin bai cece ta ba.

Sai chongsheng, wanda Maman Hanif ke magana a kai: ke ɗin ce dai, rayuwarki ce dai, aka mayar da ke baya da duk abin da kika sani. Wannan ba daga wani littafin addini ya fito ba, marubutan intanet ne suka yayata shi, kamar dai marubutanmu da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp.

Abin da zai ba Malam dariya kuma: gwamnatin Sin ma ba ta so. A 2011 hukumar da ke kula da rediyo da talabijin ta fito ta soki finafinan komawa baya, ta ce suna wasa da tarihi suna yaɗa camfi. A 2016 aka ga wasu ƙa'idojin shirya wasannin talabijin da suka ambaci sake haihuwa da shigar ruhi jikin wani a cikin abubuwan da ba a so a yaɗa. To sai masu shiryawa suka koyi zagaye. A littafi a ce ta mutu ta dawo, a fim a ce dogon mafarki ta yi. A Story of Kunning Palace na 2023 sai aka mayar da abin marubuciya ce ke sake rubuta labarin tauraruwarta. In dai duniyar alloli da aljanu ce ta ƙage, irin wadda suke kira xianxia, nan an fi sakar musu mara, ka mutu sau bakwai ma ba mai tanka maka.

Malam Sabo:
Ikon Allah. Su da ba su yarda da lahira ba, mu da muka yarda, mun haɗu a kan abu ɗaya ta hanya biyu.

Baffa Guangzhou:
Malam ai su ba don Allah suka hana ba. Ni dai abin da na sani, yarinyar da ke mini lissafin kaya a shagon da nake sayen atamfa, wayarta na jingine da kalkuleta, fim na tafiya, tana buga mini kuɗin dila arba'in tana share hawaye, kuma ko sisi ba ta taɓa kuskurewa ba. Na taɓa tambayarta me ya sa duk finafinan lokacin kashi 40 ne, ta ce a 2020 hukuma ta ce a daina wuce haka. Da can har 60 ana wucewa. Eternal Love da Hajiyata ta sa ni kallo dole kashi 58 ne, kuma ni a duk wanda na gani babu namiji irin Ye Hua. Shekara ɗari uku yana jiran mace, yana rainon ɗansu shi kaɗai. Ku mata kullum kuna cewa ba mu da alƙawari.

Zee Kaduna:
Alhaji, don girman Allah kar ka tayar mini da hawan jini da safiyar nan. Ye Hua? Wanda ya ƙwaƙule wa matarsa idanu da hannunsa ya bai wa wadda ta yi mata sharri? Tana ɗauke da cikinsa fa! Ta haihu a makance, ta je ta faɗa daga kan wani dandamali a fadar sama don ta huta. Shi ne namijin kirki?

Baffa Guangzhou:
Ranki ya daɗe, ki duba halin da yake ciki. A fadar sama ita ba kowa ba ce a lokacin, ana ganinta 'yar'adam ce kawai. Da bai ba da idon ba, ranta za a nema. Ya zaɓi ƙaramar asara.

Zee Kaduna:
Ƙaramar asara a jikin wa? Idonsa ne? Kuma ko ya zama dole, bakinsa ciwo yake da ba zai zaunar da ita ya ce ga abin da ake ciki, ga dalilina ba? Wannan ita ce cutar mazan finafinan nan gaba ɗaya, kuma ita ce ta mazanmu. Ya yanke hukunci a kanki, ya yi shiru, in kin yi kuka ya ce don ke na yi. Abin da ya fi ƙona mini rai, da ta koma asalinta na Bai Qian, babba a cikin alloli, sai da ta nemi maganin mantuwa ta sha. Ku lura da kyau. Marubuciyar da kanta ta san mace mai hankalinta, tana tuna wannan abu, ba za ta sake kallon mutumin nan ba. Sai da aka goge mata tunani sannan soyayya ta biyu ta yiwu.

Nafisa Wuhan:
Zee ta taɓo inda nake so. Amma ki ƙarasa: da tunanin ya dawo mata, ba kuka ta zauna yi ba, zuwa ta yi ta karɓo idanunta daga fuskar Su Jin, wadda ta yi mata sharrin.

Zee Kaduna:
Wannan kashin na maimaita shi sau huɗu. Amma kishiyar ta biya, shi me ya biya?

Baffa Guangzhou:
Ya rasa hannu, ya ba da ransa a yaƙi. Me kuma kike so?

Zee Kaduna:
Haƙuri nake so ya bayar tun ranar, da baki. Mutuwa a fim ai arha ce, Alhaji, tunda dawowa ake yi.

Anti Laure:
Tun ɗazu nake karatu ina murmushi. Ku yara kuna neman rayuwa ta biyu a Caina, alhali muna da ita a gida, kome ake ce mata. Ni na yi.

Shekararmu tara da Baban su Walida ya sake ni, saki ɗaya, a kan maganar da yau in aka ce in maimaita ta ba zan iya ba. Na tafi gidanmu. Idda saura kwana shida ya turo yayansa da kawunsa. Babana bai tambaye ni ba, ya ce in shirya. Na koma ranar wata Laraba bayan isha'i. Na tarar ya sa an yi wa ɗakin fenti, ya canza labule, ya sayi sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba. Na zauna a bakinta tana ƙara, ina kallon ƙusar da na buga da hannuna shekara tara baya don rataye madubi, an shafe ta da fenti amma tana nan. Na ce a raina, Laure, gidan nan fenti kawai aka yi masa.

Sati biyu kullum da tsire a leda. Wata na uku tsire ya ɗauke, mutumina ya dawo yadda na san shi, hali zanen dutse. Abin da ya bambanta, ni na riga na ga ƙarshen hanyar. Na san faɗanmu daga ina yake tashi: ya dawo kasuwa ba ciniki, tun bai cire takalmi ba in tare shi da babu gawayi, babu omo, an koro Walida kuɗin makaranta. Shi kuma maimakon ya ce yau ban samu ba, sai ya nemi laifi a miya. Sai na koma ina barin sa ya ci ya sha ruwa. Shi ma, in ba shi haƙƙinsa, ya koyi faɗin "babu", kalmar da a zaman farko ya gwammace ya sake ni da ya furta ta. Bana shekararmu goma sha bakwai da komen.

To da na ga Li Rong da mijinta suna zaune suna tuhumar juna, ranar kaza me ya sa ka yi kaza, ni ban ga tatsuniya ba. Mu ma mun yi wannan zaman, sai dai mu a kan tabarma.

Maman Hanif:
Anti, wallahi na karanta sau biyu. Ƙusar nan ta tsaya mini.

Zee Kaduna:
Anti Allah ya ƙara zaman lafiya, kuma ba raini ba. Amma kin ce Baba bai tambaye ki ba. Da ya tambaye ki fa?

Anti Laure:
Da na ce a'a, 'yata. A ranar kam da na ce a'a.

Zee Kaduna:
To kin gani. Ni ma an mayar da ni, sau biyu. Na biyun da haƙori ɗaya a karye na fito. Kowa ya ce in yi haƙuri, tsohuwar zuma da ita ake magani. Shi ya sa ni fim ɗina The Double ne na 2024. Xue Fangfei mijinta ya buga mata shebur ya binne ta da rai don gimbiya na son sa. Ta fito daga ramin, ta ɗauki sunan Jiang Li, yarinyar da ta taimake ta ta rasu, ta koma birnin. Ba ta koma don ta fahimce shi ba, ba ta tsaya jin uzurinsa ba, duk da shi ma yana da nasa "dole aka yi mini". Ta koma ta wanke sunan mahaifinta, ta kuma tona masa asiri. Ita ma dama ta biyu ce ai.

Nafisa Wuhan:
Shi ma a littafin mutuwa ta yi ta farka a jikin Jiang Li, fim ne ya mayar da shi sojan gona saboda dalilin da na faɗa. Kuma Zee, Sinawa mata da yawa suna bayanki. Tun 1 ga Janairun 2021 dokarsu ta ce ma'auratan da suka je raba aure bisa yardar juna sai sun jira kwana 30, in ɗaya ya janye a ciki, magana ta mutu. An yi ta surutu a kai, mata na cewa wanda ake duka kwana talatin ba kwanan sanyaya zuciya ba ne a wurinta. Auren ma raguwa yake: a 2013 an ɗaura sama da miliyan 13, a 2024 kaɗan ya haura miliyan 6. Ni a ganina masu kallon finafinan nan ba miji na biyu suke mafarki ba. Mafarkinsu su shiga aure ido buɗe, sun san wa ke gabansu.

Malam Sabo:
Kwana 30 ɗin nan ya yi kama da hikimar idda, sai dai mu saki biyu ne ake kome, na uku ƙofa ta rufe. Kuma Malama Zee, shari'a ba ta ce a mayar da mace inda ake karya mata haƙori ba. Wanda ya mayar da ke ya yi kuskure, ko waye shi. Allah ya saka miki.

Zee Kaduna:
Amin Malam, na gode.

Hadiza Maraɗi:
Ni abin da ke ba ni haushi da na allolin nan, an riga an ɗaure su. Wai wani tsoho mai suna Yue Lao ya ɗaura musu jan zare a ƙafa, ko sun mutu sau goma sai sun haɗu. To ina zaɓi a nan? Gara na Li Rong, ita ta ga hanyar fita ta tsaya.

Nafisa Wuhan:
Yuanfen suke ce masa, kusan abin da muke cewa rabo. Suna da karin magana cewa sai an tara rabon shekara ɗari ake haɗa jirgin ruwa ɗaya da mutum, sai an tara na shekara dubu ake haɗa matashin kai.

Hadiza Maraɗi:
Wato matar mutum kabarinsa, da yaren Sin.

Baffa Guangzhou:
Shekara dubu na tara kafin in samu Hajiya, amma jiya ta hana ni tuwo don na ce Ye Hua ya yi daidai.

Zee Kaduna:
Hajiya ta burge ni. A gaishe ta.

Ummu Sultan:
Na kai kashi na 14. Ba na karanta komai a nan sai na gama. Maman Hanif ke da kika tayar da ƙurar ba ki ba mu taki amsar ba.

Anti Laure:
Gaskiya ne. Kin sa na tona cikina a gaban yara, ke kin laɓe.

Maman Hanif:
To Anti, ni tsoron amsar nake, shi ya sa na jefo muku. Amma ɗazu da safe na gwada a kan Baban Hanif. Yana shan shayi na ce, da za a mayar da kai shekarar da muka yi aure, kana sane da duk abin da ka sani yau, me za ka yi? Ko ɗagowa bai yi ba ya ce filaye zai saya a bayan gari tun suna arha, ragowar kuɗin ya canza su dala. Na ce ni fa? Ya ce, to filin wa zai zauna a ciki? Ya miƙo kofi a ƙara masa.

Zee Kaduna:
Wannan ai ba amsa ba ce.

Maman Hanif:
Na sani. Na dai ƙara masa shayin.